Yadda ake shiga tsarin kason gona a ci amfanin kowane lokaci ba tare da asara ba

Ga yadda tsarin yake: gidaje da dama su biya manomi ɗaya, ko ƙungiyar manoma, kuɗi tun kafin a yi shuka. Da kuɗin manomi zai sayi iri da taki, ya sallami ma'aikata, ba sai ya ci bashi ba. Idan amfani ya fara fitowa, duk mako a raba abin da aka girbe, kowane gida ya ɗauki kasonsa. Shekara ta yi albarka, kwandonka ya tumbatsa. Ƙwari suka cinye kabeji, kai ma ka rasa kabeji. Wato ka zama abokin tarayyar manomi a riba da faɗuwa, kuma gona ce za ta riƙa yanke abin da za a dafa a gidanka.

Abin ya samo asali a wurare daban-daban. A Japan, a shekarun 1960 da 1970, matan gida da suka damu da maganin ƙwari a cikin abinci suka fara ƙulla irin wannan hulɗa da manoma, ana kiranta teikei. A Suwizalan an kafa Les Jardins de Cocagne kusa da Janiba a 1978. A Amurka gonaki biyu ne suka fara a 1986, Indian Line a jihar Massachusetts da Temple-Wilton a jihar New Hampshire, kuma can ana kiran tsarin CSA. A Faransa sunansa AMAP, ƙungiyar farko ta tashi a garin Aubagne a 2001. Waɗannan sunaye za su yi maka amfani wajen bincike a intanet.

Na daɗe ina karɓar irin wannan kaso, kuma abin da na lura shi ne yawancin masu ficewa bayan shekarar farko ba su da ƙorafi kan manomi ko kan kuɗi. Ganye ne ya riƙa ruɓe musu a firji har suka ji kamar kuɗinsu suke zubarwa. Don haka nauyin wannan bayani yana kan abin da za ka yi da kayan bayan sun shigo gida.

Kayan da za ka tanada

Kwando ko babbar jaka mai ƙarfi, guda biyu idan da hali, don kada a danne ganye da kabewa. Tsummokaran auduga masu tsabta da yawa. Babban baho na wankin ganye da matsami na tsane ruwa. Wuƙa mai kaifi da katakon yanka. Robobi masu murfi da ledoji masu kauri na firiza. Kwalabe masu faɗin baki. Ƙaramin sikelin kicin mai auna giram, domin aikin gishiri ba ya son kintace. Gishiri, da ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, za ka ga adadin a jikin kwalbar. Sai littafi da biro, da alƙalamin rubutu a jikin leda.

Firji da firiza suna sauƙaƙa aikin ƙwarai, amma rashinsu ba ya hana shiga. A ƙasa na kawo abin da za a yi a madadinsu.

1. Auna cikin gidanka

Kafin ka nemi gona, yi mako biyu kana rubuta kayan lambun da ake ci a gidan da gaske, da waɗanda aka saya aka zubar. Rubuta kuma sau nawa ake girki a gida a mako. Gidan da ake ɗora tukunya sau biyu ko uku kawai a mako ba zai iya da cikakken kaso ba, komai kyawun niyya. Gonaki da yawa suna ba da rabin kaso, ko kaso duk bayan mako biyu. A shekarar farko ka ɗauki ƙarami. Idan gonar ba ta da rabi, nemi maƙwabci ko ɗan'uwa ku raba: ko dai ku kasa kwandon biyu duk mako, ko wannan ya ɗauka yau wancan ya ɗauka mako mai zuwa. Na fi son karɓa-karɓar, saboda raba kan kabeji ɗaya da kankana ɗaya tsakanin gida biyu duk mako yana gajiyar da zumunci.

2. Nemo gona, ka yi tambayoyi

Fara da kasuwar manoma mafi kusa da kai, ka tambayi masu sayarwa ko suna yin tsarin ko sun san mai yi. Idan ka samu, je ka ga gonar da idonka. Manomin da ya ƙi a zo a gani, a bar shi.

Tambayi makonni nawa rabon zai ɗauka, daga wane wata zuwa wane wata. A ƙasashen arewacin duniya masu tsananin hunturu, da yawa suna yi daga Yuni zuwa Oktoba. Inda ake da damina da rani kuwa, lokacin ya danganta da ruwan sama da kuma ko gonar na da ban-ruwa. Nemi jerin abin da aka raba bara, wata-wata. Wannan jerin ya fi duk wata talla faɗin gaskiya: idan rabin abin da ke ciki ba a ci a gidanka, ka san matsayinka.

Tambayi ko duk abin da ke cikin kwandon daga gonar yake, ko ana sayo wani daga waje a cike gurbi. Sayowa ba laifi ba ne idan an faɗa. Akwai dai 'yan kasuwa da ke sarar kaya a babbar kasuwa su zuba a kwali su kira shi kason gona, kuma wannan wani ciniki ne daban. Alamar da ke tona su ita ce kayan da ba lokacinsu ba a yankin.

Tambayi yadda suke yi da ƙwari da ciyawa, da irin ruwan da suke ban-ruwa da shi, musamman ga ganyen da ake ci ɗanye. Sannan babbar tambaya: idan amfani ya lalace, me ke faruwa? Wasu suna cike gurbi da wani abu, wasu suna ƙara makonni a ƙarshe, wasu kuma za su ce maka kai tsaye asarar ta kowa ce. Duk amsoshin uku karɓaɓɓu ne. Wanda zai ce maka gonarsa ba ta taɓa faɗuwa ba, shi ne abin tsoro.

3. Karanta yarjejeniya, sannan ka biya

Raba kuɗin da yawan makonni, ka kwatanta da abin da ka rubuta kana kashewa a mataki na farko. Wani lokacin zai fi kasuwa araha, wani lokacin a'a. Ka tabbata an rubuta ranar karɓa da wurin karɓa, da abin da za a yi da kasonka idan ba ka zo ba.

Idan biya a dunƙule ya yi maka nauyi, faɗa wa manomin. Da yawa suna yarda a biya kashi-kashi. Wasu suna rage kuɗi ga wanda zai riƙa zuwa yana taya cire ciyawa ko ɗaure kaya. Akwai ma gonakin da ake karanta wa membobi kasafin shekara, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa har a cika adadin. Haka Temple-Wilton ta tsara nata, kuma ƙungiyoyi da dama a Jamus suna bin wannan hanya.

Wurin karɓa abu ne da ake rainawa. Idan sai ka yi doguwar tafiya ta musamman dominsa, ɗokin zai ƙare kafin tsakiyar lokacin. Zaɓi wanda ke kan hanyarka ta yau da kullum.

4. Ranar karɓa

Je da wuri, da kwandonka. Masu nauyi a ƙasa, ganye da tumatir a sama. Kada ka bar kayan a cikin mota a rana ka shiga wata hidima. Sa'a guda cikin zafi tana cinye wa latas kwanaki daga rayuwarsa. Idan akwai abin da ba ka sani ba, tambayi sunansa a nan take, ka ji yadda manomin yake dafa shi a gidansa. Wasu wuraren suna ajiye kwandon musaya, inda za ka ajiye abin da ba ka so ka ɗauki wani.

5. Sa'ar farko a gida

Nan ne ake cin riba ko a yi asara. Ware wa ranar karɓa sa'a guda a kicin, kuma kada ka cusa kwandon yadda yake a firji da nufin sai gobe.

Zazzage komai a kan tebur. Rubuta sunan kowane abu a takarda ka manna a ƙofar firji. Abin da ido bai gani ba, hannu ba ya kai masa. Cire duk ganyen da ya fara rawaya ko ya murtsuke, domin shi ke jawo wa sauran ruɓa.

Karas da sauran masu saiwa da suka zo da ganyensu, yanke ganyen nan take. Idan aka bar shi yana ci gaba da zuƙe ruwan saiwar, cikin 'yan kwanaki ka ga karas ya yi laushi yana lanƙwasa. Ka bar ɗan guntun kara a kai.

Ganye irin latas da alayyafo, idan kana da halin busar da su sosai, wanke su yanzu: cika baho da ruwan sanyi, zuba su, motsa, bar ƙasa ta kwanta, sannan ka tsamo ganyen da hannu zuwa matsami. Kada ka juye ruwan a kansu, yashin zai koma inda ya fito. Maimaita har ka ga gindin bahon fes. Baza su a kan tsumma su tsane, naɗe a busasshen tsumma, saka a roba mai murfi. Idan ba ka da lokacin busarwa, kada ka wanke. Naɗe su haka nan, ka wanke ranar girki. Jiƙaƙƙen ganye a rufaffiyar leda shi ne kuskuren da ya fi yawa. Wanda ya iso da yaushi kuma, tsoma shi a ruwa mai sanyi sosai na minti 20 zuwa 30, yawanci zai miƙe.

Ba komai ne ke son firji ba. Tumatir yana rasa ɗanɗano idan ya daɗe a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12, don haka a bar shi a inuwa, sai wanda ya nuna lugub ba za a ci yau ba. Ɗoɗɗoya tana baƙi a sanyi; tsoma kararta a kofin ruwa a kan tebur. Dankalin turawa yana son duhu da iska mai ɗan sanyi: firji yana mayar da sitacinsa sukari, haske kuma yana sa shi kore, kuma wurin da ya yi kore ko ya yi tsiro yana ɗauke da guba, sai a yanke shi da zurfi, idan ya yi yawa a zubar. Albasa da tafarnuwa suna son bushewa da iska, a kwando ko raga, nesa da dankalin, domin damshin da yake fitarwa yana lalata albasa. Kabewa mai taurin baya wadda ba ta da rauni tana yin watanni a wuri mai sanyi da bushewa.

Sai maganar iskar etilin. Tuffa da ayaba da nunannen tumatir suna fitar da ita, kuma tana sa ganye rawaya, kokwamba ta lalace da wuri, karas ya yi ɗaci. Raba musu wuri. Amfaninta ɗaya: idan kana son ɗanyen tumatir ya nuna da sauri, saka shi a jakar takarda tare da ayaba.

Firji ya kasance a digiri 4 ko ƙasa. In babu firji, saka ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, kana ƙara ruwa safe da yamma. Tana aiki sosai inda iska ta bushe, amma a lokacin damshi ba ta taɓuka abin kirki. A irin wannan yanayi ka dafa ganyen a rana ta farko da ta biyu.

6. Jera girkin mako bisa saurin lalacewa

Mun saba mu yanke abin da za mu dafa sannan mu nemo kayan haɗi. A nan sai an juya abin. Duba takardar da ke ƙofar firji, ka sa lamba. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko na ganye mai laushi ne, da ɗanyar masara, wadda zaƙinta ke komawa sitaci tun daga sa'ar da aka karye ta, da 'ya'yan itace masu taushi. Tsakiyar mako na koren wake ne da kuɓewa da kokwamba da tattasai. Ƙarshen mako na kabeji da karas ne. Dankali da albasa da kabewa kuwa za su jira, kada ka taɓa su muddin akwai ganye a firji.

Ba ka buƙatar sabon girki ga kowane abu. Hanyoyi kaɗan da ke karɓar duk abin da aka zuba musu sun isa: miya ko romo, suya sama-sama da albasa da tafarnuwa a wuta mai ƙarfi, gashi da ɗan mai da gishiri, haɗawa da ƙwai, ko ci ɗanye da lemun tsami. Daren da ke gaban ranar karɓa, a dafa duk abin da ya rage a tukunya ɗaya, domin sabon kaso ya tarar da wuri.

Baƙon abu kuma, gutsuri ɗan kaɗan ka dafa a ruwan gishiri ka ɗanɗana, ka ga dangin wa ya fi kama: ganye ne, saiwa ce, ko dangin kabewa? Sai ka yi masa irin girkin danginsa. Gwada shi ta hanya biyu kafin ka yanke masa hukunci, domin akwai abin da dafuwa ke ɓatawa gashi ya gyara.

7. Idan kaya suka yi yawa

Farkon lokaci kwandon ba ya da nauyi, galibi ganye ne, har ka fara tunanin an cuce ka. Yi haƙuri. A tsakiya abin zai juya, ka rasa inda za ka sa tumatir. Da ka ga abu ya fi ƙarfin mako guda, adana shi a ranar da ya zo, yana da ƙarfinsa. Abin da ya riga ya gaji, adanawa ba ta gyara shi.

Firiza ce mafi sauƙi, amma yawancin kayan lambu sai an sulala su tukuna, in ba haka ba launi da ɗanɗano su gushe ko da suna daskare. Tafasa ruwa mai yawa, zuba kaɗan-kaɗan, ka fara ƙirga daga lokacin da ruwan ya sake tafasa: ganye minti 2, yankakken karas minti 2, koren wake minti 3, ƙananan kuɓewa minti 3. Tsame ka jefa a ruwan ƙanƙara na daidai wannan lokaci, tsane, matse ganyen, ƙulla a leda gwargwadon girki ɗaya-ɗaya, fitar da iska, rubuta suna da kwanan wata. Tumatir da tattasai da albasa ba sa buƙatar sulalawa. Tumatir na fi son in dafa shi ya ƙone ruwansa tukuna, don ya rage cin wuri. Firiza ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan wutar lantarki ba ta da tabbas a inda kake, kada ka dogara da ita.

Shanya ba ta buƙatar wuta. Yanka siriri kuma daidai da juna, baza a kan raga a sama da ƙasa, rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda, shigar da shi da dare. Ganye a inuwa ake shanya shi don ya riƙe launinsa. Ya bushe idan ya karye ko ya marmashe a hannu. Zuba a kwalba ka rufe. In ka ga gumi a jikinta washegari, mayar da shi shanya, in ba haka ba fumfuna ta biyo baya.

Kabeji kuwa tsima shi ake yi da gishiri. Yanka siriri, auna, zuba gishiri giram 20 ga kowane kilo guda. Murza da hannu har ya fitar da ruwa, danna shi a kwalba sosai har ruwan ya rufe shi, ɗora wani abu mai nauyi mai tsabta a kai, kada ka ɗaure murfin da ƙarfi domin iska za ta riƙa fita. A ɗumin digiri 18 zuwa 22 yana ɗaukar mako uku zuwa huɗu. A wuri mai zafi ya fi sauri kuma yana saurin yin laushi, don haka fara ɗanɗanawa bayan 'yan kwanaki. Duk abin da ya leƙo saman ruwa shi ke yin fumfuna. Kokwamba da karas da albasa ana iya zuba musu tafasasshen haɗin ruwan khal da ruwa, rabi da rabi, da gishiri, a ajiye a firji a ci cikin makonni kaɗan.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka dafa koren wake ko masara ko kabewa ka rufe a kwalba ka ajiye a kan kanta. Ba su da tsami, kuma ƙwayar cutar da ke haifar da gubar botulizim tana bunƙasa a irin wannan wuri mara iska. Tafasa ta yau da kullum ba ta kashe irinta. Sai tukunyar matsi ta musamman mai kai digiri 116. Gubar ba lallai ta nuna wari ko launi ba. Wannan haɗarin yana nan ga tafarnuwa da aka jiƙa a mai aka bari a wajen firji.

8. Ƙwai, madara, zuma da sauransu

Gonaki da yawa suna ƙara kason ƙwai, cuku, burodi, zuma ko nama, nasu ko na maƙwabtansu. Kada ka ɗauki duka a shekarar farko. Tambayi wanda ya yi kowane abu da ranar da aka yi shi. Ƙwan da aka wanke ya rasa rufin da ke toshe ƙofofin ɓawonsa, dole ya shiga firji, kuma wanda ya riga ya shiga firji a can zai zauna. Madara, tambaya ko an dafa ta. Idan ɗanya ce a tafasa, musamman inda akwai yara ƙanana, mai juna biyu ko tsoho. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Burodin da ba a sa wa maganin hana lalacewa ba yana bushewa cikin kwana biyu ko uku, sai a yanka rabi a sa a firiza tun ranar farko.

9. Tafiya, ƙorafi da shekara mai zuwa

Idan za ka yi tafiya, sanar da wuri, ko ka wakilta wani ya karɓa ya ci. Idan kaya suka zo a lalace, faɗa wa manomin a ranar, kai tsaye, kafin ka faɗa wa sauran membobi. Ƙarancin da fari ko ambaliya suka jawo kuwa yana cikin abin da ka sa hannu a kai.

Duk mako ka rubuta layi biyu a littafinka: abin da ya zo, da abin da aka zubar. A ƙarshen lokaci wannan littafin ne zai gaya maka ko ka ƙara kaso, ko ka rage, ko ka sauya gona, kuma zai nuna maka watan da ya kamata ka tanadi kwalabe da kuma gurbi a firiza. Kai wa manomin shi ya gani kafin ya sayi irin baɗi. Idan gidaje da yawa suka ce abu kaza ya yi yawa, zai rage shuka shi.

Inda babu tsarin sam, ana iya farawa da gidaje kaɗan da manomi ɗaya da kuka yarda da shi. Ku zauna ku rubuta abin da zai shuka, makonni nawa, nawa kowane gida zai biya da lokacin biya, da abin da za a yi idan amfani ya faɗi. Ku zaɓi mutum ɗaya ya riƙe lissafi, wani kuma ya kula da wurin rabo, don manomin ya samu sukunin fuskantar gonarsa. Ku fara da ɗan gajeren lokaci, kamar wata biyu ko uku, ku sake zama a ƙarshensa kafin ku ƙulla na shekara guda.